Wasiƙar Akawu: Hanyar Kewaye Kaduna Ta Gabas, Yaushe Za Mu Taka Ta?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana masu karatu, akawuna da malaman makaranta da malaman zaure, a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Masu bin wannan fili sun sani ni akawun sito ne a wani gidan jigilar kaya a Kakuri, aikina in rubuta sa'ad da mota ta tashi da sa'ad da ta iso, da abin da ta ɗauko. To, ran Talatar da ta wuce wani direbanmu dattijo ya ɗauko masara daga Zariya. Da ƙarfe uku na yamma ya buga mini waya ya ce ga shi a Kawo. Na ce madalla, na tara leburori su jira sauke kaya. La'asar ta yi, magariba ta yi, babu shi babu dalilinsa, har leburori suka gaji suka watse. Sai bayan lisha ya iso, ga shi kuwa daga Kawo zuwa Kakuri tafiya ce da ba ta kai kilomita 25 ba. Na buɗe littafi na ce, "Baba, me zan rubuta?" Ya ce, "Malam Akawu, rubuta abin da ka ga dama. Tankar mai ce ta mutu a tsakiyar hanya, muka jeru bayanta kamar raƙuman fatake. Daga kudu ta fito, Kano za ta, ba ta da ko kwabo a Kaduna. Da an gama hanyar gabas, me zai kawo ta cikin garinmu?"

Na rubuta abin da na rubuta, na rufe ofis na tafi gida, amma maganar dattijon nan ta hana ni barci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Saboda masu karatu na nesa, waɗanda ba su san Kaduna ba, bari in fara bayyana yadda abin ya ke. Kaduna ƙofa ce. Duk motar da ta fito daga Ikko ko Abuja ta nufi Zariya da Kano da Katsina, kusan lalle sai ta bi ta nan, haka kuma wadda ta ɗauko shanu da hatsi da albasa ta nufi kudu. Da can an yi wa manyan motoci hanya ta yamma da gari don kada su kutsa tsakiyar jama'a, ita ce wadda aka sa wa sunan Nnamdi Azikiwe, mutanen gari kuwa su kan ce Baifas. Sannu a hankali gari ya bi ta ya haɗiye. Kurmin Mashi, Tudun Wada, Bakin Ruwa, Kabala ta Yamma, duk suka zama a bakinta, ga kasuwa, ga makarantu, ga gareji, ga yara suna tsallakawa da allo a hannu. Hanyar da aka yi don kewaye gari ta koma titin cikin gari. Don haka Gwamnatin Tarayya ta yi shawara a yi wata ta gabas, ta tashi daga Kakau a kan hanyar Abuja, ta ratsa ƙasar Chikun, ta tsallake hanyar Kachia da Kogin Kaduna, ta shiga ƙasar Igabi, ta faɗa hanyar Zariya a arewa da gari. Tsawonta wajen kilomita 50, tagwaye ce, da gadoji 9 bisa rafuka da hanyar jirgi. Shawara ce mai kyau ƙwarai, ba wanda ya isa ya kushe ta.

An ba da kwangilar aikin a shekarar 2002, zamanin Shugaba Obasanjo, a kan Naira miliyan dubu 16, watau biliyan 16, aka ce cikin shekara 3 za a gama. Ba zan manta da wannan lokaci ba, gama ina yaro ɗan makarantar mishan a wani ƙauye a ƙasar Chikun. Wata rana muna hutu muka ga waɗansu mutane sun sauko daga mota da wani tabarau mai ƙafa uku, suna leƙawa suna kakkafa fegi mai jan fenti. Layin fegin nan ya bi ta tsakiyar gonar kawuna, ya raba ta biyu. Na zaci zai yi fushi, sai na ga yana murna. Ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, kafin ka gama makaranta, a bakin titi za mu riƙa sayar da doyarmu, mun huta da ɗaukar kaya zuwa kasuwa." Aka ce kada ya ƙara noma wurin da aka auna, bai ƙara ba. Na gama firamare, na gama sakandare, na sami aiki, na yi aure. Kawu ya rasu a 2014, bai sayar da ko ƙwarya ɗaya ta doya a bakin titin nan ba.

Ku duba fa, jama'a. Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007, Shugaba 'Yar'aduwa ya hau, Allah ya yi masa rasuwa a 2010. Shugaba Jonathan ya riƙe har 2015, Shugaba Buhari ya riƙe har 2023, ya sauka ba a gama ba, Shugaba Tinubu ya gaje ta. A gidan Gwamnatin Kaduna kuwa Makarfi ya wuce, Namadi Sambo ya wuce, Yakowa ya wuce, Yero ya wuce, El-Rufa'i ya wuce, har aka zo kan Uba Sani. Jaririn da aka raɗa wa suna ran da aka kafa fegi a gonar kawu, yau in namiji ne ya isa aure, in mace ce tana goyo. Kilomita 50 ke nan!

Malamin da ya koya mana lissafi a makaranta ya kan ce akawu ba ya fushi sai ya gama tara jimla. Na bi maganarsa, na ɗauko takarda. A 2017 Ministan Ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya kai maganar hanyar nan gaban Majalisar Zartarwa, aka yarda a ƙara biliyan 22, kuɗin aikin ya tashi daga biliyan 16 ya zama biliyan 38. Wanda ya ji haka zai ce kai, an ninka har da ɗori, lalle akwai lauje cikin naɗi. Ni ma haka na zata. Amma da na juya kuɗin zuwa dalar Amurka sai na ga wani abu dabam. A 2002 dala ɗaya wajen Naira 120 ce, watau biliyan 16 ta kama dala miliyan 130 da 'yan kai. A 2017 dala ɗaya a farashin Gwamnati wajen Naira 305 ce, watau biliyan 38 ta kama wajen dala miliyan 125. Ashe hanya ba ta ƙara tsada ba, Nairarmu ce ta rame a cikin shekara 15 da aka yi ana jira. Kwalta daga waje a ke sayo ta, injuna da kayan gyaransu daga waje su ke, saboda haka ɗan kwangila da dala ya ke lissafi ko da Naira a ke biyansa. Mu kuwa masu biyan haraji Naira mu ke samu, albashinmu bai bi dala ba. Bayan 2017 abin ya ƙara gaba, har a 2024 dala ɗaya ta haura Naira 1,500, man gas da injuna ke sha ya yi tashin gwauron zabo. Duk tsinin hanyar da ba a yi ba a shekarun araha, sai a yi shi a shekarun tsada. Aikin da aka fara ba a gama ba bashi ne mai haihuwa, kullum garin Allah ya waye ya ƙara 'ya'ya, mu ne kuma za mu biya.

Wannan hasara ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce wadda na gani da idona shekara da shekaru in na je gida. Wanda bai san aikin hanya ba ya kan zaci kwalta ita ce hanya. Kwalta riga ce, jikin yana ƙasa. Da fari a kan share daji, a kwashe baƙar ƙasar sama, a yanke tudu a cike kwari. Sa'an nan a zuba marmara hawa hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa a bi shi da rola har ya daɓu kamar daɓen ɗaki. Bisa wannan a shimfiɗa tsakuwa, a sake dannewa, kana a rufe da kwalta. A gefe kuma a gina lambatu, a ƙarƙashi a sa kwalbati don ruwa ya sami hanyar wucewa. Kadan aka kai ga marmara kuɗi suka yanke, aka kwashe injuna aka tafi, to, an bar jiki tsirara ga damina. Ruwan Kaduna kuwa ba wasa ba ne, daga Mayu har Oktoba ya ke zuba. Shekara guda ya zazzage gefe, shekara ta biyu ya yi zaizaya ya haƙa kwazazzabo, ta uku gamba da geza su tsiro a tsakiya. Kwalbatin da aka gina ba a haɗa shi da lambatu ba yashi ya toshe shi, ruwa ya juya ya shiga gonakin mutane. Ƙarafan da aka bari tsaye a kan ginshiƙin gada su yi tsatsa, ɓarayi su bi dare su yanke na yankewa. Ran da kuɗi suka fito aka dawo, sai a fara da gyaran abin da aka riga aka biya. An yi ba a yi ba ke nan, an sayi ƙasa ɗaya sau biyu.

Sai ku ce, to, me ya sa kuɗi ke yankewa? Na bincika wannan ma gwargwadon iyawata. Gwamnati ta kan ba da kwangila ta shekara 3, amma kuɗi shekara shekara a ke yanka su a cikin kasafi, hanyoyin da ke jiran rabo kuwa ɗaruruwa ne, kowane ɗan majalisa yana son a ga an taɓa ta garinsu. Sai a gutsura wa kowace kaɗan, abin da ba zai kai ta ko'ina ba, kamar mai gida da ya aza harsashin ɗaki goma da kuɗin jinkar ɗaki ɗaya. Har wa yau akwai maganar lokaci. Aikin ƙasa da rani a ke yinsa, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Amma kasafin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 a watan Yuni, na 2018 ma a watan Yuni. Watau kuɗi na fitowa hadari na haɗuwa. Ɗan kwangila ya zauna duk rani yana jiran kuɗi, kuɗi su zo ya zauna duk damina yana jiran rana. Na yaba da aka gyara wannan, aka sa wa kasafin 2020 hannu tun Disamban 2019. Sai dai sa hannu dabam, sakin kuɗi dabam, kowane akawu ya san wannan.

Hasara ta uku ta fi ba ni tsoro, domin ita kuɗi ba su gyara ta. A 2002 gabashin Kaduna daji ne da gonaki, diyyar da za a biya ta dawa ce da doya da 'yan itatuwan mangwaro. Da labarin hanya ya bazu, masu kuɗi suka ruga suka sayi filaye, aka yanka fuloti, aka yi gini. Manoman da aka hana noma suka ga shekaru sun wuce ba motsi, waɗansu suka koma suka shuka, waɗansu suka sayar, magada suka taso ba su san an taɓa auna wurin ba. Duk sa'ad da aka dawo aiki sai a tarar da sabuwar rigimar diyya, wannan karon ta gidan siminti. Ga kuma 'yan fashin daji da suka addabi ƙasar Chikun a shekarun baya bayan nan, abin da babu shi sa'ad da aka kafa fegi. Kadan ba a yi hankali ba, ran da za a buɗe hanyar gabas za a tarar gari ya riga ya isa can yana jiranta, ta zama 'yar'uwar ta yamma tun ran suna. In haka ta faru, me aka yi ke nan?

Kada a ce na rufe ido ga alheri. A watan Satumba na 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da takardun Sukuk na biliyan 100, watau rance daga hannun jama'a bisa tsarin da babu riba a ciki, aka raba wa hanyoyi 25, kowane ɓangare cikin ɓangarori 6 na ƙasa ya sami daidai da ɗan'uwansa. Hanyarmu tana ciki. Amfanin wannan tsari shi ne kuɗin an ɗaure su ga hanyoyin da aka ambata, ba a karkata su wani wuri, kuma sai injiniya ya auna aiki kana a biya. Daga nan muka ga injuna sun dawo, gadoji sun tashi, an shimfiɗa kwalta a wurare. Wanda ya yi wannan dabara ya cancanci godiya. Amma hanya ba kamar rijiya ba ce da za a fara sha tun ba a gama ɗaure bakinta ba. Tirela ba ta tashi sama. In saura kilomita ɗaya ko gada ɗaya, direba zai bi ta cikin gari kamar ba a yi kome ba.

Na yi wannan magana a zaure da wani malami maƙwabcina, mutum mai hankali, ya ce mini, "Malam, ka cika gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse." Na ce, "Allah gafarta malam, gaskiya ne, amma mai dafa dutse ba ya janye itace daga murhu ya tafi yawo shekara biyar." Muka yi dariya. Sa'an nan na tuna masa da hanyar jirgi ta Baro zuwa Kano, wadda ta ratsa ta nan Kaduna. An fara ta a 1907 zamanin Gwamna Girouard, jirgi ya shiga Kano a 1911, tsawonta ya fi kilomita 500, da diga da shebur da kwando aka yi ta. Ya ce ai wannan da aikin tilas aka yi, sarakuna ke tara talakawa, waɗansu ba su koma gida ba. Na ce haka ne, Allah ya kiyashe mu da komawa wannan zamani. To, ga ta kusa. Hanyar jirgi daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa ta Kaduna kilomita 186 ce, an fara ta bayan tamu da shekaru, aka buɗe ta a watan Yuli na 2016. Abin da ya raba su shi ne ita an nemo mata rance daga Sin, aka ajiye kuɗinta gefe guda. Ƙasa ɗaya, damina ɗaya, leburori ɗaya. Malam ya yi shiru, can ya ce, "Rubuta wa jarida." Ga shi na rubuta.

Ni ƙaramin akawu ne, ban isa in koya wa manya aikinsu ba, amma ko yaro ya ga wuta a jinka ya kan yi kururuwa. Roƙona ga Gwamnati huɗu ne. Na fari, a daina aza harsashin sababbin manyan hanyoyi a jiha sai an rufe littafin tsofaffi, ko da wanda ya fara ɗan wata jam'iyya ne, domin hanya ba ta da jam'iyya. Na biyu, abin da ya rage na wannan aiki a auna shi, a ware kuɗinsa gaba ɗaya, a sake su a farkon rani. Na uku, kowane wata uku a buga a jarida da Hausa kilomita nawa aka gama, gada nawa ta rage, nawa aka biya, nawa a ke bin bashi. Ni da na ke tsaron buhunan masara, kowace Asabar sai na kai lissafi gaban mai gidana, buhu ɗaya ya ɓace a albashina za a cire. Yaya za a ce biliyan 38 ta jama'a ba mai kawo wa jama'a lissafinta? Na huɗu, tun yanzu a shata iyakar hanya hagu da dama, a hana gini da kasuwa a bakinta, a ware wa manyan motoci wurin tsayawa.

Wannan na huɗu kuwa ba na Gwamnati kaɗai ba ne, har da mu. Hakimai da dagatai da masu unguwa, ku ji tsoron Allah, kada ku sa hannu a takardar filin da kuka san hanya ce. Mu ma'aikata masu neman fuloti mai araha, mu tambaya kafin mu saya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hangi na wani. Baifas ta yamma ba aljanu suka cika ta da rumfuna ba, mu ne.

Ina roƙon 'yan'uwa na Kano su rubuto su gaya mana labarin tasu hanyar kewaye ta yamma, wadda aka ba da kwangilarta a 2007, don mu gwada mu ga ko ciwon iri ɗaya ne. Direbobi kuma masu iya rubutu, ku aiko da awowin da ku ke ɓatawa a Kaduna, ni zan tara jimla in kawo a wannan fili. Gonar kawu tana nan, ɗansa ne ke noma abin da ya rage, yana kuma kai doyarsa kasuwa bisa babur kamar yadda ubansa ya kai a ka. Da na je gida da hutu ya tambaye ni, tun da ni ne mai karanta jarida, yaushe za a buɗe hanya. Na ce masa zan tambayo. Edita, na tambaya, muna sauraron amsa daga waɗanda ke da ita.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gama abin da suka fara, ya kai matafiya gida lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Sito,
Kakuri, Kaduna.